Wa ya san sunan mutumin da ya fito a Fredo?

Baban Hanifa:
Assalamu alaikum mutanen zaure. Jiya sanyi ya hana mu zaman majalisa a Anguwar Rogo, kowa ya shige ɗaki tun bayan isha'i. Da na ga an bar mana wuta sai na ɗauko The Godfather kashi na biyu na sake kallo. Fim ne da na sha gani tun yana zuwa a kaset biyu, amma jiya na yi abin da ban taɓa yi ba. Na ɗauke ido daga kan Michael, shugaban gidan 'yan daban Corleone wanda Al Pacino ke fitowa a matsayinsa, na zuba wa yayansa Fredo, tun daga bikin farko har cikin kwale-kwale. Wallahi har aka yi kiran assalatu ina juyi a kan gado.

Ga abin da ya dame ni. Duk inda aka zauna hirar fim ɗin nan, sunaye uku za ka ji: Marlon Brando, Al Pacino, Robert De Niro. Wanda ya ɗan ƙara sani ya ce James Caan da Robert Duvall. Ka tambayi wa ya fito a Fredo, sai a yi tsit. Sunansa John Cazale. Fim biyar kacal ya yi a duniya, tsakanin 1972 da 1978: The Godfather na ɗaya da na biyu, The Conversation, Dog Day Afternoon, sai The Deer Hunter. Duka biyar sun shiga takarar gwarzon fim na shekara a Oscar, uku sun ci. Shi kuwa ko sau ɗaya ba a sa sunansa a takarar ba. A kashi na ɗaya mutum uku aka zaɓo a rukunin mataimakin jarumi, Pacino da Caan da Duvall. A na biyu ma uku, De Niro wanda ya lashe, da Lee Strasberg mai fitowa a Hyman Roth, da Michael Gazzo mai fitowa a Pentangeli. Mutumin da labarin gaba ɗaya ya karye a kansa, an wuce shi. Ya rasu a watan Maris na 1978 yana da shekara 42, ciwon dajin huhu.

Ni dai ina cewa a kashi na biyu babu wanda ya kai shi wasa, har da Pacino. Wanda bai yarda ba ga fili.

Ɗan Gangare:
Wa alaikumus salam. Haba Yaya Baban Hanifa! Har da Pacino? Fredo fa, wannan lusarin? A kashi na ɗaya ana harbin ubansa a gaban mai lemo, bindiga na hannunsa, ya kasa riƙe ta, ta suɓuce, ya zauna a bakin titi yana kuka kamar an ƙwace wa yaro alewa. Wane wasa ne a nan? An samo mutum mai fuskar raggo an ce ya yi ragonta. Ni ko yau aka sa min kyamara zan iya yar da bindiga.

Abu Khalil:
Ni tambayata ɗaya, akwai fassarar Hausa? Awa uku da wani abu da Turanci ba ƙaramin aiki ba ne.

Ɗan Gangare:
Kalli Turancin haka, Abu Khalil, rabin fim ɗin ma da ido ake magana.

Baban Hanifa:
To ƙanena, ka ba wa kanka amsa. Da ido ake magana, kuma idon wa? Koma ka sake kallon wurin harbin nan. Paulie ne direban, ya ce ba shi da lafiya, shi ya sa Fredo ya karɓi mota. Ya fito da bindigar fa, bai gudu ba, bai ɓuya a ƙarƙashin sitiyari ba. Zuciyar tana so, hannun ne ya ƙi. Kukan da ka raina, ka saurare shi da kyau, akwai kukan uba a ciki, akwai kuma kukan mutumin da ya san yau kowa ya gane abin da ake faɗa a kansa gaskiya ne. Abu biyu a kuka ɗaya. Yi mana shi a gaban kyamara mu gani.

Ummi, ɗalibar fim:
Baba, na gode da ka ɗauko wannan. Ina karatun fim a nan Jos, kuma maganar da Yaya Ɗan Gangare ya yi ita ce ainihin abin da ya cuci Cazale. Ya yi wasan ya shige ciki har mutane suka ɗauka haka Allah ya yi shi. Duk wanda ke tunanin fuska ce kawai, ya nemi Dog Day Afternoon na 1975, wanda Sidney Lumet ya ba da umarni. An gina shi a kan wani fashin banki da aka yi da gaske a Brooklyn a 1972. Cazale ne Sal, abokin fashin Pacino. Fuskar dai ita ce, faffaɗan goshin shi ne, amma a can in ya ɗago ido sai cikinka ya ɗuri ruwa, don ka tabbata mutumin nan zai iya harbe kowa a bankin. Fredo kuwa in ya ɗago ido so kake ka rungume shi. Sal na gaskiya shekararsa 18 ne, Cazale ya kusa arba'in, amma da Lumet ya ga gwajinsa sai ya ba shi. Akwai wurin da aka tambaye shi wace ƙasa yake so a kai shi in sun tsere, ya ambaci sunan wata jiha ta cikin Amurka. Babu wannan a rubuce, shi ya ƙirƙira a take. Mai kallo zai yi dariya, kafin ya rufe baki tausayi ya kama shi, don ya gane yaron bai san duniya ba ko kaɗan.

Kuma ba daga sama ya faɗo ba. Ɗan wasan daɓe ne a New York. Shi da Pacino sun yi wasa ɗaya a 1968, kowannensu ya sami kyautar wasan daɓe ta Obie a kansa. A kan daɓe Fred Roos, mai zaɓen 'yan wasan The Godfather, ya gan shi ya kai wa Coppola, daraktan fim ɗin, labari.

Ɗan Gangare:
To malama, na ji. Zan nemi na bankin. Amma har yanzu ban ga abin da ya yi a Godfather da ya wuce marairaicewa ba.

Ummi, ɗalibar fim:
Bari in ba ka fitowa ɗaya, Yaya. Ɗakin da ke bakin tafki, bayan an dawo daga Kuba. Dusar ƙanƙara a waje, ɗakin duhu-duhu kamar yadda mai ɗaukar hoto Gordon Willis ya saba haska fim ɗin. Michael na tsaye. Fredo na kan wata kujera mai kwantawa baya, ya nutse a ciki kamar an zuba wanki. A nan ne ya amayar da abin da ya shekara da shekaru yana haɗiyewa: shi ne babba, an tsallake shi, kullum aikensa ake yi, je ka ɗauko wane a filin jirgi, je ka kula da wancan ƙaramin gidan rawa, shi ma yana da wayo, shi ma yana son a girmama shi.

Ɗan wasa na yau da gobe in aka ba shi wannan magana miƙewa zai yi, ya buga tebur, ya nuna ɗan yatsa. Cazale bai tashi ba. Yana ta yunƙurin ɗagowa, kujerar na mayar da shi. Wuyansa na miƙewa, hannuwansa na karkarwa a iska, muryar ta hau sama ta tsinke. Bakinsa na cewa ni babba ne, jikinsa na ƙaryata shi. Ranar da ya fi kowace rana buƙatar tsayawa da ƙafafunsa, kujera ta fi ƙarfinsa. Mu da muke koyon aikin nan mun san fitowa a jarumi sauƙi gare ta, kyamara na taimakonka, kiɗa na taimakonka, tufafi na taimakonka. Amma ka fito a mai rauni, ka bar mutane su raina ka, ba ka saci ko daƙiƙa ɗaya ka nuna musu kai gwani ne ba, 'yan wasa kaɗan ne ke yarda da wannan.

Baba Alhaji na Bauchi Road:
Salamu alaikum 'ya'yana. Ni ba mutumin fim ɗin Amurka ba ne sosai, mu Indiya muka tashi da ita, a Kwararafa da Rex. Amma wannan na gan shi, yarona ya sa min. Abin da ya tuna min shi ne Deewaar na 1975. Can ma 'yan'uwa biyu ne, ɗaya ɗan fasa-ƙwauri, ɗaya ɗan sanda, uwa a tsakiya, kuma ƙanen ne ya harbe wan. In an tashi daga silima kowa Amitabh yake kwaikwayo, har da ɗaure riga a cibiya. Ba mai kwaikwayon Shashi Kapoor. Alhali ba don sanyin Shashi ba, zafin Amitabh ba zai fito ba. Sai dai shi Shashi mutanensa sun san darajarsa, sun ba shi kyautar Filmfare a kan fim ɗin. Wannan bawan Allah kuwa kun ce ko takara ba a sa shi ba. Allah sarki.

Baban Hanifa:
Ranka ya daɗe Baba, ka kawo misali mai kyau. Indiyawan ma sun sha ɗaukar labarin gidan Corleone. A Sarkar na 2005 Kay Kay Menon ne babban ɗan da ya juya wa uba baya, kuma ya yi ƙoƙari sosai. Amma sun sa masa zafin kai da mugunta, yadda in an kashe shi mai kallo zai ce Allah ya ƙara. Cazale bai ba mu wannan sauƙin ba.

Sani Mai Gilashi:
Ku yi haƙuri, ni ina bayan Ɗan Gangare ta wani ɓangare. Wasa dai na yarda ya iya. Amma naga ana neman wanke Fredo. Mutumin nan fa da shi aka haɗa baki aka yi wa ɗakin barcin ƙanensa ruwan harsashi, matar na ciki, yara na gidan. Da ɗan gari a kan ci gari. Ya ce bai san kisa za a yi ba, to me ya ɗauka za a yi? Mauludi? Kuma a wannan ɗakin da Ummi take yabo, a ƙarshe ya faɗa wa Michael cewa lauyan kwamitin majalisar dattawa da ke binciken Michael mutumin abokin gabarsa Roth ne. Ashe ya sani tuntuni ya yi gum, ƙanensa na shirin tafiya kurkuku. Wannan ba sauna ba ne, munafuki ne.

Ummi, ɗalibar fim:
Yaya Sani, gaskiyarka kan lauyan. Amma lura, fim ɗin bai taɓa nuna mana abin da Fredo ya yi a daren ba. Kay, matar Michael, ta tambayi dalilin da labule ke buɗe, ba a nuna wanda ya buɗe ba. Abin da muka gani shi ne wayar da Johnny Ola, yaron Roth, ya yi masa cikin dare, yana kwance, muryarsa na rawa, yana cewa sun yaudare shi, kada a sake kiransa. Yau sama da shekara hamsin ke nan ana wannan gardamar da kake yi, kuma Cazale ne ya bar ƙofar a buɗe. Da ya yi wasan a matsayin mugu, an gama magana. Da ya yi shi a matsayin wawa zalla, an gama magana.

Baban Hanifa:
Sani, ba wanke shi nake ba. Ya ci amana. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma Roth tsohon ƙadangare ne, ya san inda tsagar take. Me aka yi masa alkawari? Wani abu nasa na kansa, wanda ba ƙanensa ne ya miƙo masa ba. Shi ke nan fa.

Fitowar da ta hana ni barci ma ba ta ɗakin tafki ba ce. Ta Havana ce, da rana, su biyu zaune a waje suna shan abin sha, bayan Fredo ya kawo akwatin dala miliyan 2. Michael ya sake da shi, abin da ya daɗe bai yi ba. Sai Fredo ya fara zuba, yana ba da labarin yadda uwarsu ke tsokanarsa tana cewa tsinto shi aka yi a ƙofar gida, ya ce wani lokaci yana jin kamar gaskiya ne. Ya ce da ma irin matar Michael ya aura ya haifi 'ya'ya. Sannan ya ce ya yi fushi da Michael a baya. A nan maganar ta zo masa har leɓe. Kana ganin ta a maƙogwaronsa. Daƙiƙa biyu suka rage ya tona kansa, watakila da ya tsira. Sai ya kawar da kai ya ƙwalla wa mai kawo abin sha kira. Na mayar da wurin baya sau huɗu jiya.

Da daren kuma, a gidan rawar nan na banza, ya sha ya yi tatul, bakinsa ya suɓuce ya ce Johnny Ola ne ya fara kawo shi wurin, alhali ɗazu-ɗazu ya nuna bai taɓa ganin mutumin ba. Kowa na yabon yadda Pacino ya rufe fuska da hannu. Ku kalli Fredo a lokacin. Dariyarsa yake yi, yana jin daɗi yau shi ne ɗan gari, shi ke nuna wa manya hanya. Bai ma san ya gama da kansa ba.

Maman Sadiq:
Ni abin da ya fi ci min rai uwar ce da Connie, ƙanwarsu. Michael ya ce kada wani abu ya sami Fredo muddin uwarsu na raye. Wato lissafi yake yi da numfashin mahaifiyarsa. Ranar makokinta Connie ta durƙusa ta roƙe shi, ta ce Fredo ba shi da kowa sai shi. Ya zo ya rungume shi. Ku dubi hannuwan Fredo a wurin, yana zaune, ya ƙanƙame ƙugun ƙanensa kamar wanda ruwa ya ci ya samu reshe. Shi kuwa Michael ta saman kansa yake kallon yaronsa Al Neri. Neri da kansa, mai kashe mutane, sai da ya sunkuyar da kai. Mu Hausawa muna cewa hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Wannan ya yanke, kuma sai da ya bari hannun ya warke tukun.

Malamin Islamiyya:
Hajiya ta faɗi magana. Ni ba na yawan sa baki a hirar fina-finai, kuma akwai wurare a wannan fim da ba zan ce a kalla da yara ba. Amma ɗalibaina samari suna yawo da hoton Michael a waya, suna ganin shi ne namiji. A garin nan da muke fama da 'yan sara-suka, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Annabi Yusuf, alaihis salam, 'yan'uwansa sun jefa shi rijiya da gangan, da ya sami mulki suka zo hannunsa ya ce babu zargi a kanku yau. Michael ya sami mulki, ɗan'uwansa ya zo hannunsa ba shi da ko sanda, ya bi hanyar Ƙabila. In yaro ya kalli fim ɗin ya fito yana sha'awar Michael, to bai kalli Fredo ba. Da an sa wani ɗan wasan da bai iya sa mu ƙaunaci Fredo ba, da fim ɗin ya zama tallar daba kawai.

Maman Grace:
Gaisuwa ga kowa daga Tudun Wada. Ina so in ƙara wani abu a kan kwale-kwalen, don ni 'yar Katolika ce. Addu'ar da Fredo yake karantawa lokacin da aka harbe shi ita ce ta gaida Maryamu, wadda muke koya tun muna yara. Kafin nan ya gaya wa ɗan Michael, Anthony, cewa yana yaro sun je kamun kifi da babansu da 'yan'uwansa, shi kaɗai ya kama, don duk jefa ƙugiya sai ya karanta ta. Ku ga fuskarsa yana ba da labarin nan. Nasara ɗaya ke nan da yake da ita a rayuwa, kifi, kuma ya adana ta shekara talatin. Ƙarshen addu'ar roƙo ne a yi wa masu zunubi addu'a yanzu da lokacin mutuwarsu. Duk ɗan Katolika da ya ji ya fara ta ya san inda za ta ƙare. Ni a nan nake fita daga falo.

Sani Mai Gilashi:
Mama, kina ganin ya san za a kashe shi? An kira yaron an ce ya fito daga jirgin, an bar shi daga shi sai Neri.

Maman Grace:
Ni ina ganin bai sani ba, ɗana. Ya yarda an yafe masa. Kifi yake roƙo.

Ummi, ɗalibar fim:
Ni kuma kullum ina canza ra'ayi a kan wannan. Ya ba wa Neri baya, ba a nuna mana fuskarsa kusa ba, murya kawai.

Abu Khalil:
Kun gama ba ni labarin duka, amma duk da haka zan kalla. Shi mutumin yana da iyali?

Ummi, ɗalibar fim:
Lokacin rasuwarsa yana tare da Meryl Streep, sun haɗu a wani wasan daɓe a 1976, ita ta yi jinyarsa har ƙarshe. Yana cikin ciwon aka ɗauki The Deer Hunter. Darakta Michael Cimino ya fara ɗaukar fitowarsa kafin na kowa, kuma bai rayu ya ga fim ɗin ba. A 2009 an yi wani ɗan gajeren fim na tarihinsa, Pacino da De Niro da Streep da Coppola duk sun yi magana a ciki. Pacino ya sha faɗin cewa ya koyi wasa a wurinsa fiye da wurin kowa.

Baban Hanifa:
Tunda hira ta kawo nan, bari in faɗi abin da ya sa na ɗauko maganar, don ba Oscar ce ta hana ni barci ba.

Mu biyu ne maza a ɗakinmu, ni ne ƙarami. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, yana da shagon yadi a babbar kasuwar Taminus kafin gobarar 2002. Bayan gobara da aka lallaɓa aka sake kafa wani shagon, ƙarfinsa ya ƙare, sai ya kira mu ya miƙo min makulli a gaban Yayana. Ya girme ni da shekara shida. Mutum ne mai sanyi, ba ya iya ce wa mai karɓar bashi a'a, an sha cinye masa jari. Kowa ya ce Baba ya yi daidai, ni ma na ce ya yi daidai. Har yau ina ganin shagon ba zai kai yanzu ba a hannunsa.

Amma jiya da Fredo ke lissafa aiken da ake masa, sai na ji kamar da ni yake. Biki ya tashi, Yaya je ka tasha ka taro baƙi. Suna ya zo, Yaya ga kuɗi ka sayo goro da alewa. Ranar da aka zo neman auren 'yata, ni da kawunnai muna kan kujera, shi yana zaune a bakin ƙofa wajen takalma, yana miƙa wa mutane ruwa. Ba wanda ya ce ya zauna a can. Ba kuma wanda ya ce ya taso. Duk wata ina aika masa buhun shinkafa da kuɗin makarantar yara, ina ganin na gama sauke nauyi. Michael ma abin da ya ce ke nan, ai kullum ina kula da kai. Shekara ashirin da wani abu ban taɓa buɗe littafin shago na ce Yaya me ka gani ba. Bai taɓa cin amanata ba, ko da wasa. Murmushi kawai yake yi, irin wanda ke zuwa da wuri ya daɗe bai tafi ba. Jiya na ga murmushin nan sak a fuskar wani Bature da ya mutu tun ina firamare. Ta ina ya san shi?

Baba Alhaji na Bauchi Road:
Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka iya faɗa. Kusan kowane gida akwai irin wannan, sai dai ba a magana. Babban wa uba ne. Tunda yana raye, ka je.

Maman Sadiq:
Wallahi ka sa ni hawaye. Kada ka je da shinkafa wannan karon. Ka je hannu biyu, ka zauna, ka ci tuwon gidansa.

Malamin Islamiyya:
Allah ya ƙara zumunci. Ka fara da neman shawararsa a kan wani abu na gaske, wanda in ya faɗa za ka bi.

Ɗan Gangare:
Yaya Baban Hanifa, ka yafe min kalmar da na yi amfani da ita da safe. Da na tashi daga aiki na sake kallon rabin ƙarshe. Har yanzu ban yafe wa Fredo ba, ina nan tare da Sani a kan maganar lauyan. Amma akwai abin da ban taɓa lura da shi ba sai yau. Fitowar dab da ƙarshe, da aka koma baya zuwa Disamba 1941, ranar haihuwar babansu, suna kan tebur suna jiransa. Michael ya ce ya bar makaranta ya shiga soja. Sonny, babban wansu, ya taso zai dake shi, Tom, ɗan riƙon gidan, na yi masa faɗa a hankali. Mutum ɗaya ne a teburin ya miƙa masa hannu ya taya shi murna, Fredo. Sonny ya fizge hannun. Minti kaɗan kafin nan muka ga an harbe shi a ruwa. Cazale ya mayar da hannunsa ya sunkuya kamar ya saba. Na tsayar da fim ɗin a nan na daɗe ban ci gaba ba.

Cewa ya fi Pacino dai, a bar ni in kalli na bankin tukuna.

Ummi, ɗalibar fim:
In ka gama shi ka nemi The Conversation, Yaya. Fitowarsa kaɗan ce a ciki, yaron aikin Gene Hackman ne, amma ka lura da yadda yake surutu alhali ubangidan na son shiru.

Baban Hanifa:
Ba komai ƙanena, ai muhawara ce. Baba Alhaji, Hajiya, Malam, na ji kuma na gode. Bayan la'asar na kira Yaya, yana Bukur yanzu. Ya ɗauka tun ƙara ta farko. Ko gaisawa ba mu gama ba ya ce, "Lafiya dai? Akwai inda za a je ne?"

Na ce babu ko'ina, Yaya, ni ne zan zo ranar Juma'a bayan masallaci, akwai maganar shago da nake so ka duba min. Ya yi shiru har na ɗauka layin ya yanke. Can ya ce to, bari ya gaya wa mai ɗakinsa ta ɗora girki da ni.